Shafi Goma Sha Shida na Ƙarshe



Yatsu biyu aka tsinta a bayan wuƙar injin yankan takarda ranar Laraba, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Ba na mutumin da aka zo yanka ba ne. Kuma ba wanda ya zo da niyyar yankan ne ya sauke wuƙar ba.

Abin ya faru ne a shagon ɗinkin littattafai da ke ƙasan bene, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da fenti. Mutum huɗu ne a ciki. Mai shagon, wadda kowa a layin yake kira Yaya. Ƙanenta Auta, wanda ya rubuta littafin nan mai suna Shekarar da Aka Hana Inuwa. Sai baƙi biyu da suka shigo babu sallama: wani direban babbar mota, da wani lebura na masana'antar bulo da ake wa laƙabi da Rediyo, saboda shi yake karanta wa abokan aikinsa littafi da babbar murya in an tashi hutun rana.

Kwana uku kafin nan, ranar Lahadi, leburorin masana'antar sun ɗaure ƙofar gidan manajansu da waya ta waje, suka zuba fetur, suka ƙyasta. Manaja yana asibiti, rabin jikinsa a ƙone, bai ce uffan ba har yau. Direban ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Yaya tana shafa gam a bangon wani kundi lokacin da ƙofa ta bugi bango. Rediyo ne ya fara shigowa, ba da ƙafarsa ba, da ƙafar Direba. Ya faɗi kan gwiwoyinsa, hannayensa a ɗaure da igiyar ɗaurin kaya, ido ɗaya a rufe da kumburi. Direba ya biyo shi, ya mayar da ƙofa, ya murza makulli ya jefa a aljihu. Ƙarfen kwance taya ne a hannunsa na dama. A hagu, littattafai biyu.

"Wane ne marubucin?"

Auta yana zaune kan kwali yana sa hannu a sababbin kwafi. Bayan gobarar Lahadi littafin ya ƙare a shaguna, an sake bugawa. Ya ɗago, biro a hannu.

"Lafiya, malam?"

"Lafiya ba ta zuwa da ƙarfe."

"Bawan Allah," in ji Yaya, "nan wurin aiki ne. In magana ce, ajiye wannan abin mu yi ta."

"Ke zauna, baiwar Allah. Ba ke na zo wa ba."

Ya jefa littattafan a kan teburinta. Bango ɗaya, suna ɗaya, kauri ɗaya. Ɗaya sabo fil. Ɗayan ya sha hannu, gefensa ya yi ja da ƙurar bulo.

"Ni ba mai karatu ba ne," in ji Direba. "Rabona da littafi tun ana dukana a kansa. Amma na ce bari in ga abin da ya sa aka gasa mini ɗan'uwa kamar nama. Na je shago na saya. Kwana biyu ina zaune a barandar asibiti ina bi da yatsa."

Ya nuna sabon da kan ƙarfen.

"Gari ne da aka sare bishiyoyinsa kaf. An hana talaka tsayawa a inuwa, sai mai takarda. Ga wata mata da ba ta da suna sai lamba, ita take ba da labarin. Haka ne, Malam Marubuci?"

"Haka ne."

"Wallahi na so matar nan. Da ta tsaya a ƙofar shugaban garin da galan ɗin fetur, ni kaina da ɗan'uwana yake kwance a ƙone, cewa nake zuba mana, zuba! Sai ta ajiye. Ta ajiye galan, ta je ta ɓalle ƙofar babbar rumfa, ta kira mutane su shigo inuwa. Shi ke nan. Babu wuta. Ko ashana babu."

Ya juya ya ɗora takalminsa a kafaɗar Rediyo.

"Sai na ce to wannan ɗan iskan ne ya ƙara gishiri. Na zaƙulo shi daga ɗakin surukarsa, ƙarƙashin gado. Na yi masa dukan da ban taɓa yi wa ko taya ba. Faɗa musu abin da ka ce mini."

"Ban ƙara ko wasali ba," in ji Rediyo. Leɓensa a fashe, maganar tana fita da ƙyar. "Abin da ke rubuce na karanta."

Direba ya sunkuya ya kwance igiyar, ya cusa masa tsohon littafin a hannu.

"Karanta musu. Yadda kake yi a masana'anta. Buɗe murya, ai kai ne Rediyo."

Rediyo bai nemi shafin ba. Littafin da kansa ya buɗe a wurin. Ya goge jinin hancinsa da bayan hannu, ya karanta, kuma ko a wannan halin muryarsa ta cika ɗakin:

"Na naɗe wayar sau bakwai a hannun ƙofa. Ina jin tarinsa daga ciki. Ban yi sauri ba. Mutumin da ya jira shekara tara ba ya sauri."

"Sau bakwai," in ji Direba. "Na ƙirga da kaina a ƙofar yayana. Bakwai cif."

"Manajan ne ya cire mana rumfa," Rediyo ya faɗa, kansa a ƙasa. "Ya ce inuwa ce take sa mu lalaci. Mutum biyu sun faɗi a bakin tanda cikin wata ɗaya. Da na kai wurin nan a karatu, ba wanda ya yi tari. Wani tsoho ya ce, ashe mai littafin nan ya san mu."

Ƙarfen ya sauka a haƙarƙarinsa. Ya kife yana neman numfashi.

"Ban tambaye ka dalili ba." Direba ya dubi Auta. "Littafi ɗaya, ƙarshe biyu. Wanne ne naka?"

"Ni rubutu nake yi. Abin da ya faru a wurin bugu ba ni da masaniya."

"Wanne ne naka?"

"Na rumfa. Wanda ka saya."

"To na waya fa? Aljanu suka rubuta?"

Yaya ba ta ji amsar ba. Tun da Rediyo ya ce waya, ta gane layin. Ita ba ta karanta littattafan da take ɗinkawa, amma ido yana ɗaukar layin farko na kowane ninki, ko mutum bai so ba. Wannan layin ya wuce ta hannunta sau ɗaruruwa. Ba a littafin Auta ba.

"Na san inda ya fito," ta ce.

Dukansu suka juyo.

"Wata biyu da suka wuce maɗaba'a ta kawo mini aiki biyu a mako ɗaya. Na Auta, da wani littafin kisa da ɗaukar fansa na wani marubuci daban. Girma ɗaya, harafi ɗaya, kowanne shafi ɗari da casa'in da biyu. Dukansu mai labari ne yake cewa na yi, na je, babu suna."

"Sai me?"

"Littafi ba shafi-shafi yake zuwa mini ba. Ninki-ninki ne. Babbar takarda ɗaya, a ninke ta, ta ba da shafi goma sha shida. Ninki goma sha biyu ake jerawa a ɗinke. Na ƙarshe a duka biyun yana farawa da sabon babi, a shafi na ɗari da saba'in da bakwai." Ta nuna tsohon littafin. "In hannu ya ɗauko daga tarin da ba shi ba, ko lambar shafi ba za ta tona ba."

"Hannun wa?"

"Nawa. Ni kaɗai nake aiki a nan."

"Yaya..." in ji Auta.

"Yi shiru. Babu ruwanka."

Direba ya daɗe yana kallonta. Mace ce da ta haura hamsin, tabarau a kan hanci, zare a naɗe a wuyan hannu. Ya matso har tana jin warin man inji a rigarsa.

"Wato kina gaya mini yayana ya ƙone ne saboda kin ɗauko takarda daga hagu maimakon dama."

"Abin da nake gaya maka ke nan."

Ya kai wa teburin duka. Tukunyar gam ta tarwatse, allurai suka watse a ƙasa. Mai gyaran agogo ya ƙwanƙwasa bango daga shagonsa, ya ji shiru, ya bari.

"Gani ya kori ji. Nuna mini."

Ta ɗauki ƙaramar wuƙarta da littafin Rediyo.  Ta tsaga bangon daga sama har ƙasa, ta ɓare shi, gadon bayan littafin ya fito tsirara: ninki goma sha biyu a jere, zare ya ratsa su.

"Ka ga waɗannan baƙaƙen ɗigon? Maɗaba'a ce take buga su a bayan kowane ninki. Na farko yana can sama, na biyu ƙasa da shi kaɗan, haka har na ƙarshe. In an jera daidai, sai su sauko kamar matakala. Babanmu tsani yake ce masa. Kowane littafi da inda nasa tsanin yake bi. In baƙon ninki ya shigo, matakin zai kauce, ko makaho ya..."

Ta tsaya.

Tsanin bai kauce ba. Mataki goma sha biyu, ɗaya bayan ɗaya, ras.

Ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Yana nan yadda yake. Can sama da na ƙarshen, inda ɗigon ɗayan littafin ya kamata ya zauna, takardar ta yi ɗan gashi-gashi, kamar an kankare da reza. Ta ɗora babban yatsanta a kan mataki na goma sha biyu. Yatsan a jiƙe yake da gumi. Ta goga.

Baƙin ya bi yatsan.

Tawadar inji ba ta bin gumi. Ko littafi ya kwana a ruwa ba ta motsi. Tawadar biro ce take yin haka.

Mutum biyu ne a raye da suka san tsani a shagon nan, kuma uba ɗaya ne ya koya musu, da bulala ɗaya. Ta tuna ranar Alhamis ɗin da Auta ya shigo ya naɗe hannun riga, karo na farko cikin shekara goma. Ya ce, Yaya, bar ni in jera ɗari biyun ƙarshe, ina so in taɓa littafina da hannuna. Ta ji daɗi har ta aika aka sayo masa lemo. Ya jera, ta duba tsani ta ga daidai, ta ɗinke. Ta tuna kuma yadda ninkin ƙarshe na littafin kisan ya gaza da ɗari biyu, ta yi ta faɗa da mutanen maɗaba'a a waya har suka sake bugo mata.

Ta dunƙule hannun ta sa a bayanta.

"To?" in ji Direba. "Ina inda ya kauce?"

"Idona ne. Hasken nan ba shi da kyau."

"Buɗe hannunki."

"Gam ne."

Ya kama wuyan hannunta ya murɗe, har ta durƙusa. Ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ya dubi baƙin da ke babban yatsan, ya dubi gadon littafin. Ya tofa yawu a yatsarsa ya goga mataki na farko, na biyar, na goma sha ɗaya. Babu wanda ya motsa. Ya goga na ƙarshe. Ya shafe gaba ɗaya.

"Ni direba ne, amma ba jaki ba ne. Wanda ya yi kuskure ba ya zana wa kuskurensa riga."

Yaya ta ce, "Ni na zana. Na ga na yi ɓarna, na ji tsoro, sai na..."

"Shi ya kawo mana kwalin."

Rediyo ne ya yi maganar, daga ƙasa, yana dafe da haƙarƙari. Da idonsa mai kyau yake kallon Auta.

"Da kansa, a bayan babur. Kyauta. Ya ce wannan namu ne na musamman, kada mu ba kowa aro a waje. Na riƙe hannunsa da hannu biyu. Na ce, ranka ya daɗe, yau na ga marubuci da idona."

 Fankar sama tana juyawa tana ɗaga gefen takardu.

"Auta," in ji Yaya. "Ce ƙarya yake."

Auta ya rufe biron, ya sa a aljihun gaba. Ya yi wata dariya da ba ta da daɗin ji.

"Littafi uku na rubuta kafin wannan, Yaya. Ke kika ɗinke su. Ina suke? Ga su can a bayanki, ɓeraye suna karatu."

"Ba shi na tambaye ka ba."

"Kin san abin da masu karatu suke rubutawa a kaina a intanet? Alƙalaminsa da daɗi, amma babu abin da yake faruwa. Wata ta ce tun da ta sayi littafina ta daina shan maganin barci. Mutum ɗari huɗu suka yi mata dariyar yarda. Shi kuwa wancan mai littafin kisa, ko jimla bai iya ɗaurawa ba, amma layi ake yi a kansa. Ya yanka mutum a shafi na uku, sai ka ji ana cewa, kai, wannan ya iya rubutu!"

"Sai ka saci wutarsa ka liƙa a naka."

"Gwaji na yi. Kwafi ɗari biyu kacal. In ji me za su ce in an ba su jini. Shekara goma sha ɗaya ina rubutu, ko kofi ba a taɓa fasawa saboda ni ba." Muryarsa ta hau. "Ban ce su ƙona kowa ba! Littafi ne! Takarda ce da tawada! Wane mai hankali ne yake karanta labari ya tashi ya nemi fetur?"

"Mu," in ji Rediyo.

Ya miƙa hannu kan tebur, ya jawo sabon littafin, wanda Direba ya saya. Ya buɗe shafi na ɗari da saba'in da bakwai. Wannan karon bai ɗaga murya ba. Leɓensa kawai suke motsi.

Direba bai kula shi ba. Ya jefar da ƙarfen, ya shaƙi wuyan rigar Auta, ya buga kansa da gefen kanta sau biyu. Tabarau ɗin Auta ya tashi. Ya ja shi a ƙasa kamar buhu har gaban injin yanka.

Tsohon inji ne na hannu, gadon ubansu. Wuƙarsa ta kai tsawon hannun mutum, tana yanka shafi ɗari biyar a saukowa ɗaya. Akwai ƙafar ƙarfe mai kama da sitiyari a sama da ake murzawa, matsi ya sauko ya danne takarda. Akwai dogon hannu a gefen dama da ake rungumowa a sauke wuƙa. Direba ya cusa hannun Auta na dama a ciki, ya murza. Matsin ya sauko kan yatsun. Auta ya yi ƙara.

"Baiwar Allah, ke kika san aikin. Da yatsa nawa ake riƙe biro?"

"Don girman Allah."

"Uku ne, ko? To zan bar masa biyu ya riƙa sosa kai."

"Yaya! Yaya, ki yi magana!"

Ta tashi tsaye, amma ba ta ruga ba. Akwai abin da ta sani wanda Direba bai sani ba. A ƙasan dogon hannun, ta baya, akwai wata 'yar sakata da take kulle shi. Tun ranar da wuƙar ta ɗauke wa ubansu kan yatsa, ba a barin injin babu sakata ko na minti ɗaya. Da hannunta ta sa ta da safe.

Direba ya rungumo hannun injin ya ja. Bai motsa ba. Ya sake ja, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Ya rataya a jiki da duk nauyinsa. Ƙarfe ya yi ƙara, wuƙa ba ta sauko ba. Auta ya jiƙa wandonsa.

A ja na huɗu ƙarfin Direba ya ƙare. Ya saki. Ya ja baya har ya jingina da bango, yana haki, ya rufe fuska da hannu biyu.

"Yayana ne ya koya mini tuƙi," ya ce, ba da kowa yake ba. "Jiya na ce masa Yaya, ni ne. Bai san ni ba. Ko na yanke hannun wannan banzan, fatar ba za ta dawo ba."

"Ba za ta dawo ba," in ji Yaya a hankali. "Ka kai shi wurin hukuma. Ni zan tsaya shaida. Da bakina zan faɗi abin da na gani a yatsana."

"Yaya, ni za ki..."

"Rufe mini baki."

Ta je ta kama ƙafar ƙarfen ta fara murzawa baya. Matsin ya ɗaga kaɗan. Yatsun Auta sun yi shuɗi, sun mutu, ya kasa janye su. Ta sunkuya ta zura hannunta na hagu ƙarƙashin wuƙar don ta zaro su, kamar yadda take zaro masa ƙaya yana yaro.

A bayanta aka rufe littafi.

"Ta ajiye galan," in ji Rediyo.

Muryarsa ta dawo daidai, irin ta hutun rana.

"Ta ajiye. Ta ce in na ƙona shi, hayaƙin ma inuwa ce, kuma ba na son inuwar da za ta fito daga jikin mutum. Haka ka rubuta, ranka ya daɗe. Wannan ya fi wancan kyau. Da wannan na karanta musu, da rumfa muka je muka kafa."

"Rediyo, zauna," in ji Direba.

"Ka hana mu namu. Ka ba mu na wani."

Shekara goma sha huɗu Rediyo ya yi yana aiki da injin buga bulo. Mutumin da ya daɗe da inji, in ya ga hannu ya ƙi motsi, ba ƙarfi yake ƙarawa ba, baya yake leƙawa. Tun ja na biyu ya ga sakatar.

Yaya ta ji ƙaramin sauti, ƙit. Ta san shi kamar yadda ta san muryar uwarta. Ba ta juya ba, babu lokaci. Ta tura hannun Auta waje da duk ƙarfinta.

Rediyo ya ja hannun injin. Wuƙar ta sauko.

Da farko ba ta ji komai ba, sai sanyi. Ta ɗago hannun ta duba. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi babu su, an yanke su daidai wa daida, tsaf, irin yankan da take alfahari da shi. Wurin ya yi fari na ɗan lokaci. Sannan jini ya zo, ya feshe tarin sababbin kwafin da Auta ya sa wa hannu.

"Innalillahi!" Direba ya yi tsalle ya ture Rediyo gefe. Ya yage rigarsa, ya naɗe hannun, ya warware zaren da ke wuyan hannunta ya ɗaure da haƙori. "Ɗaga sama! Ɗaga shi sama da kanki, baiwar Allah! Kada ki kalla!"

Rediyo ya zauna daɓas a ƙasa, cikin gam da allurai.

"Ba ke ba ce, Yaya. Wallahi ba ke ba ce. Ban ga hannunki ba."

Yanzu zafin ya iso, tun daga yatsun da babu su har cikin haƙoranta. Ɗakin ya fara juyawa tare da fanka. Mai gyaran agogo da mai fenti suna dukan ƙofa da kafaɗa. Direba yana laluben makulli a aljihu da hannu mai jini. Amma wani abu ya tsaya mata a rai, ya ƙi wucewa. Ita mai ƙirga ninki ce, ko a mafarki.

"Rediyo."

"Na'am, Yaya."

"Kwalin da ya kawo muku. Kwafi nawa ne a ciki?"

"Ɗari da ashirin. Ni na raba su da hannuna."

"Ka tabbata?"

"Mu ɗari da goma sha takwas ne. Biyu suka rage, na ba masu gadi."

Direba ya tsaya da makulli a hannu.

"Ɗari biyu ya ce ɗazu."

"Ɗari biyu na ɗinke," in ji Yaya. Ta juya kai da ƙyar. "Auta, sauran tamanin fa? Wa ka kai wa?"



Gaban injin babu kowa, sai tabarau a fashe da takalmi ƙafa ɗaya. Ƙofar baya, wadda take fita lungun masu walda, a buɗe take, tana kaɗawa.

An kai Yaya asibiti da ƙarfe goma sha ɗaya da rabi, a gaban babbar motar Direba, yatsun a cikin kofin shayinta. Likita ya ce an makara. Rediyo bai gudu ba, a shagon 'yan sanda suka same shi yana sake karanta shafi goma sha shidan. An bincika ɗakin Auta da yamma, ba a sami littafi ko ɗaya ba, sai kwali babu komai da reza a kan taga.

Kwafi tamanin suna hannun mutane tun wata biyu da suka wuce. Mutum ɗaya ne ya san ko su wane ne, kuma wayarsa a kashe take.